Filin Tambaya da Amsa: Mene ne Sirrin Lamba 28?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan lamba guda, ashirin da takwas, ko talatin biyu babu kamar yadda tsofaffi kan ƙirga. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuma wasu sun yi tsawo, wasu layi kaɗan suka ishe su.

Wani malamin firamare daga Funtuwa ya rubuto: Na ji ana kiran 28 kammalalliyar lamba. Me ta kammala? Kuma ta yaya zan nuna wa 'yan aji shida a kan allo?

Malam, sannu da ƙoƙari. Fara da raba wa yaran kalmomi biyu da kan rikita su. Cika ita ce lambar da ta rabu biyu ba saura, kishiyar mara ke nan, kamar a wasan cika ko mara. 28 cika ce, amma haka 26 da 30. Kammala wani abu ne dabam: a nemo duk lambobin da ke raba lamba ba saura, a cire ita kanta, a tara sauran. In jimlar ta dawo daidai da lambar, to ta kammala.

A kan allo, kada ka bar yara su yi ta cinke. Sa su nemo masu rabawar biyu-biyu. 1 sau 28. 2 sau 14. 3 ba ta shiga, saura 1. 4 sau 7. 5 ba ta shiga, saura 3. Nan za a tsaya, don 6 sau 6 ya riga ya wuce 28, duk wata mai rabawa da ke gaba an riga an kamo ta a matsayin abokiyar wata ƙarama. Masu raba 28 shida ne ke nan: 1, 2, 4, 7, 14, 28. A ajiye 28 gefe, a tara: 1 da 2 uku, da 4 bakwai, da 7 sha huɗu, da 14 ashirin da takwas.

Kawo wake ko 'ya'yan dabino 28 aji, abin zai fi zama. Rabinsu 14, rubu'insu 7, subu'insu 4, kashi ɗaya cikin sha huɗu 2, kashi ɗaya cikin ashirin da takwas 1. Ka ware su tsibi biyar a kan tebur, za ka ga waken ya ƙare cif, ba ƙwayar da ta rage a hannunka, ba kuma tsibin da ya gaza.

Kuskuren da yara suka fi yi uku ne. Wani ya haɗa da 28 ɗin kanta ya sami 56, ya ce malam ya yi kure. Wani ya manta da 1, wai ai ba rabawa take yi ba, ya sami 27. Wani kuma ya tsallake 14 saboda jadawalin sau da ya haddace ya tsaya a 12. Neman masu rabawa biyu-biyu shi ke maganin na ƙarshen nan, tunda duk wanda ya rubuta 2 dole ya rubuta abokiyarta.

Don su ga cewa abin ba kowace lamba ke da shi ba, gwada musu maƙwabta. 27 tana da 1, 3, 9, jimla 13, ta gaza, wannan tauyayya ce. 30 tana da 1, 2, 3, 5, 6, 10, 15, jimla 42, ta zarce, wannan mai rara ce. Malaman hisabi na Larabawa suna kiran ukun nan tammun da naƙisun da za'idun. Daga 1 zuwa 100 kammalallu biyu ne kacal, 6 da 28.

Wata ɗalibar jami'a daga Maraɗi: In 6 da 28 ne na farko, wace ce ta gaba? Akwai hanyar samo su, ko sai an bi lambobi ɗaya bayan ɗaya?

'Yata, akwai hanya, kuma ta haura shekara dubu biyu. Uƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya rubuta ta. Fara daga 1 kina ninkawa biyu: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64. Kina tafiya kina tarawa. Duk inda jimlar ta zama lamba gagara-raba, wato wadda ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, ki tsaya, ki ninka jimlar da lambar ƙarshe da kika tara.

1 da 2 uku ne, 3 gagara-raba ce, 3 sau 2 shida. Ƙara 4, jimla 7, ita ma gagara-raba, 7 sau 4 ga 28 ta fito. Ƙara 8, jimla 15, wannan 3 sau 5 ce, sai a wuce. Ƙara 16, jimla 31, 31 sau 16 ya ba da 496. Ƙara 32, jimla 63, a wuce. Ƙara 64, jimla 127, 127 sau 64 ya ba da 8,128.

Abin da ya fi dacewa ɗaliba ta riƙe shi ne dalilin, kuma 28 ta nuna shi a fili. Jera masu raba ta sahu biyu. Sahun farko 1, 2, 4. Sahu na biyu su ne ɗin dai an ninka da bakwai: 7, 14, 28. Sahun farko jimlarsa bakwai guda ɗaya. Sahu na biyu bakwai ce har sau bakwai. Gaba ɗaya bakwai sau takwas, 56, wato 28 sau biyu. Cire 28 ɗin kanta, saura 28. To me ya sa sai jimlar ta kasance gagara-raba? Gwada da 15 ki gani. 15 sau 8 ɗari da ashirin ne. Sahu biyun za su ba ki 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60, kuma jimlarsu 120 ce daidai, har mutum ya fara murna. Sai dai 15 ta fashe zuwa 3 da 5, ta jawo baƙin da ba a gayyata ba: 3, 5, 6, 10, 12, 20, 24, 40. Su ma jimlarsu 120. Lissafi ya tashi 240, kammala ta rushe.

Akwai tarko a gaba. Mutum zai lura cewa an dace ne lokacin da yawan lambobin da aka tara daga jerin ya kai 2, 3, 5 da 7, dukkansu gagara-raba, sai ya ɗauka in an tara 11 ma haka ne. Jimlar lambobi 11 na farko ita ce 2,047, wadda a ido kamar ba ta rabuwa, alhali 23 sau 89 ce. Sai an kai 13 ake samun 8,191, a ninka da 4,096, a sami kammalalliya ta biyar: 33,550,336.

Nisan da ke tsakanin ta huɗu da ta biyar ya kayar da manya. Nikomakus mutumin Jarash, a ƙasar Jodan ta yau, ya rubuta littafin hisabi wajen shekara ta 100, wanda Sabit bin Ƙurra ya mayar da shi Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Huɗun farko kawai ya sani, sai aka gina hukunci biyu a kansu: wai akwai ɗaya a ɗaiɗaiku, ɗaya a gomomi, ɗaya a ɗaruruwa, ɗaya a dubbai, haka har gaba, kuma wai ƙarshensu na karɓa-karɓa ne tsakanin 6 da 8. Duka biyun ba su tsaya ba. Ta biyar alƙalumanta takwas ne, ba biyar ba. Ta shida, 8,589,869,056, ta ƙare da 6 kamar ta biyar. Abin da ya tabbata shi ne kowace kammalalliya cika tana ƙarewa da 6 ko da 28. Misali huɗu ba hujja ba ne a lissafi, ko da sun jeru gwanin sha'awa.

Uƙlidis ya nuna hanyarsa tana haifar da kammalallu, bai nuna cewa ita kaɗai ce hanya ba. Ibnul Haisam ya taɓo wannan wajen shekara ta 1000, amma Leonhard Euler, ɗan Suwizalan da ya rasu a 1783, shi ya kafa hujjar cewa duk kammalalliya cika daga wannan hanyar take fitowa. Zuwa Oktoban 2024 an san guda 52. Ta ƙarshen ta fito ne daga gagara-rabar da Luke Durant ya gano da taron kwamfutoci, mai alƙaluma 41,024,320. Ko akwai kammalalliya mara? Har yau ba a samu ba, ba a kuma kafa hujjar cewa babu ba. An dai tabbatar cewa in akwai ta, alƙalumanta sun haura 1,500. In kina neman aikin digiri na uku da zai cinye rayuwa, ga shi nan a ajiye.

Wani dattijo manomi daga Gumel: Taurarin da muke lissafin damina da su 28 ne, baƙaƙen Larabci 28 ne, wata ma an ce kwana 28 yake yi. Ashe ba kammalar lambar ce ta sa haka ba?

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayar ta haɗa abubuwa uku, kuma kowanne da inda ya samo tasa 28 ɗin.

Na wata tukuna, don nan ne aka fi zamewa. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani, matsakaicin kwanaki 29 da rabi ne da ɗan ɗoriya, shi ya sa watan Musulunci yake yin 29 ko 30, bai taɓa yin 28 ba. Akwai wani zagayen kuma: in ka ga wata kusa da wani tauraro yau, zai dawo gefensa bayan kwana 27 da kusan sulusi. Wannan zagayen ne aka yanka masauki-masauki, kowane dare da nasa. Tunda 27 da sulusi ba ta cika ba, Larabawa da mutanen Sin suka ɗaga ta zuwa 28, Indiyawa kuma galibi suka sauke ta zuwa 27. Ka ga ke nan sama ba ta ce 28 ba, mutane ne suka zaɓa.

Zaɓin kuwa ya yi wa manomi rana. Manzilolin nan, su Surayya da Dabaran da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, in aka ba kowanne kwana 13, 28 sau 13 ya ba da 364. Saura kwana ɗaya shekarar rana ta cika, sai aka ƙara wa Jabha ta zama 14. Kuma 28 huɗu ce sau bakwai, don haka shekara ta kasu huɗu, kowane kashi taurari bakwai, kwana 91. Abin da ya yi aiki a nan shi ne rabuwarta da 4 da 7. Kammala ba ta sa hannu ba.

Baƙaƙe kuma, 28 ta yi wa hisabin abajada daidai kamar an auna. Tara na farko su ɗauki 1 zuwa 9, tara na biyu 10 zuwa 90, tara na uku 100 zuwa 900, na ƙarshe ya ɗauki 1,000. Tara uku da ɗaya, 28. Ita lambar kanta a abajada kaf ce da ha ƙarami, 20 da 8. Ga wani abu da kan ɓata wa almajirai lissafi: jerin da aka gada a ƙasar Hausa na Magrib ne, littattafan da ake bugowa daga Masar da Labanan kuwa na Gabas ne, kuma baƙaƙe shida sun saɓa. A namu sodi 60 ne, lodi 90, sin 300, zadi 800, angai 900, shin 1,000. A na Gabas sin 60, sodi 90, shin 300, lodi 800, zadi 900, angai 1,000. Wanda ya ɗauki baitin da aka ɓoye shekara a cikinsa da jerin Magrib, ya warware da na Gabas, yana iya kauce wa shekarar da ɗaruruwa.

Wani tela daga Kumasi: An ce in na ajiye kalandar bana, bayan shekara 28 za ta sake aiki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, Malam, da sharaɗi ɗaya. Shekara mai kwana 365 mako 52 ce da kwana ɗaya, shi ya sa ranar haihuwarka in ta faɗo Litinin bana, baɗi Talata ce. Shekara mai tsalle, wadda Fabrairunta ke da 29, tana tura ranar da kwana biyu. Mako yana zagayowa a bakwai, tsalle yana zagayowa a huɗu, ba za su koma mafari tare ba sai a 4 sau 7. Ga lissafin: 28 sau 365 ya ba da 10,220, a ƙara kwanakin tsalle bakwai, 10,227. Raba da 7, mako 1,461 cif. 1 ga Oktoban 1960 Asabar ce, haka ta 1988, haka ta 2016. 3 ga Agustan 1960, ranar 'yancin Nijar, Laraba ce, ita ma ta dawo Laraba a waɗannan shekarun.

Ba lallai ka jira 28 ba in shekarar ba mai tsalle ba ce. Kalandar 2025 za ta dawo a 2031, sannan 2042, sannan 2053: shida, sha ɗaya, sha ɗaya, jimla 28. Mai tsalle ce ba ta da gajeriyar hanya, ta 2024 sai 2052.

Sharaɗin shi ne kada lissafin ya ƙetare shekarar ɗari da ba ta rabuwa da 400. 1900 ba ta yi tsalle ba, 2000 ta yi, 2100 ba za ta yi ba. Tsakanin 1901 da 2099 ƙa'idar tana tafiya lafiya, wanda ya ƙetara da ita zuwa 2100 zai sami kuskuren kwana ɗaya. Kalandar Hijira kuma ba ta cikin wannan magana sam, tafiyarta dabam ce.

Wani mai shirya gasar ƙwallon unguwa daga Garwa: Ƙungiya takwas muke da su, kowa zai kara da kowa sau ɗaya. Ni na ce wasa 56 ne, abokina ya ce 28. Wa ya yi daidai?

Abokinka. Kai ka ce kowace ƙungiya tana da abokan karawa bakwai, 8 sau 7, 56. Amma ka ƙirga kowane wasa sau biyu, sau ɗaya ta wajen wannan, sau ɗaya ta wajen waccan. Raba biyu, 28. Ko ka bi ta nan: ta farko tana da wasa 7, ta biyu saura mata 6 sababbi, ta uku 5, har zuwa 1. Tara 7, 6, 5, 4, 3, 2, 1 ka sami 28. Lissafinka zai zama daidai in gida da waje za a yi.

Irin wannan lambar ana ce mata mai kusurwa uku. Dubi yadda mai kanti ke jera gwangwanin madara, bakwai a ƙasa, shida a kansu, har ɗaya a ƙoli: gwangwani 28 ne. Kowace kammalalliya cika haka take, 6 tsibi ne mai gindi uku, 496 mai gindi 31.

Wajen jadawali, zagaye bakwai za ka yi, wasa huɗu a kowanne. Rubuta ƙungiyoyin sahu biyu, 1, 2, 3, 4 a sama, 8, 7, 6, 5 a ƙarƙashinsu, kowa ya kara da na ƙasansa. Zagaye na gaba, ka kafe lamba 1 a wurinta, sauran bakwai su gusa mataki ɗaya kamar hannun agogo. In ka gusa da duka takwas ɗin, bayan zagaye huɗu wasannin farko ne za su yi ta dawo maka. In fili ɗaya gare ku kuma wasa biyu kuke bugawa a yini, ku tanadi kwana 14.

Wata 'yar kasuwa daga Zariya: Ta yaya zan gane lamba tana rabuwa da 28 ba tare da dogon lissafi ba?

Hajiya, gwaji biyu ne, na 4 da na 7, kuma sai an ci duka. Na 4: dubi alƙaluma biyu na ƙarshe kawai. Na 7: yanke alƙalamin ƙarshe, ninka shi biyu, cire daga abin da ya rage, ki maimaita har lambar ta ƙanƙance. Ɗauki 1,988. 88 tana rabuwa da 4. Yanke 8, ninki 16, cire daga 198, saura 182. Yanke 2, ninki 4, cire daga 18, saura 14, ta rabu da 7. Ke nan 1,988 ta rabu da 28, sau 71.

Kada ki gwada da 2 da 14, wai ai su ma 28 suke bayarwa. 42 tana rabuwa da 2, tana rabuwa da 14, amma ba ta rabuwa da 28, don biyun da ke cikin 14 ita ce dai biyun da kika riga kika gwada. 4 da 7 ba su haɗa komai ba, shi ya sa shaidarsu ta zama ta mutum biyu.

Wani ɗalibin fiƙihu daga Sakkwato: A darasin gado an ce asalin mas'ala bakwai ne, babu 28 a ciki, amma na ga an raba wata dukiya kashi 28. Ina ta fito?

Malam, abin da aka karantar da kai daidai ne. Asalan, wato lambobin da ake fara kasa dukiya a kansu, su ne 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, domin kason da aka yanka rabi ne, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, babu subu'i a cikinsu. Auli ma, wato ɗaga asali in kason magada ya fi ƙarfinsa, ba ya kai wa 28, na 24 a 27 yake tsayawa. Bakwai ɗin daga yawan kawunan magada take shigowa, a wajen gyaran mas'ala.

Misali, mutum ya rasu ba ɗa ba jika ba iyaye, ya bar mata ɗaya da 'yan'uwa maza shaƙiƙai bakwai. Mata tana da rubu'i, asali 4 ke nan: ita 1, saura 3 na 'yan'uwa. Uku ba ta rabuwa ga mutum bakwai, kuma 3 da 7 ba su haɗa komai ba, sai a ninka asalin da yawan kawunan, 4 sau 7. Mata ta ɗauki 7 cikin 28, saura 21, kowane ɗan'uwa 3. In abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 2,800,000 ne, kowane kashi 100,000 ne: mata 700,000, kowane ɗan'uwa 300,000. Inda ɗalibai kan zame shi ne su ninka asalin su manta da ninka kason matar, su bar ta da 1 cikin 28. Kafin ka rufe littafi, tara kason kowa: 7 da 21, in bai koma 28 ba, akwai wanda aka tauye.